Filin Tambaya da Amsa: Makonnin Farko na Yaro a Nazaren Makarantar Katolika

Tun bayan da makarantu suka koma zangon farko a watan Satumba, yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili sun fito ne daga iyayen da suka kai 'ya'yansu ajin nazare a karon farko, kuma da dama daga cikinsu sun ambaci makarantun da Cocin Katolika ke gudanarwa, waɗanda jama'a suka fi sani da makarantun mishan ko makarantun Sista. Mun zaɓi guda biyar mun taƙaita su, mun kuma cire sunayen masu su da na makarantun kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Ina da 'ya mai shekara uku da wata biyu, na sa ta nazare a wata makarantar Katolika da ke kusa da mu. Yau mako uku ke nan, kullum da safe da zarar ta hango ƙofar makarantar sai ta ƙanƙame ni tana kuka kamar ranta zai fita. Sistar da ke shugabantar sashen ta ce in riƙa ajiye ta ina juyawa ba tare da na tsaya ba, don haka nakan bari hankalinta ya ɗauku in sulale. Yanzu har fitsarin kwance ta koma yi, alhali ta daina tun bara. Surukata ta ce a cire ta sai ta kai shekara biyar. Me kike gani?
Daga wata uwa, Barnawa, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kukan da yarinyarki take yi a bakin ƙofa ba ya nuna cewa shagwaɓa ta lalata ta, kuma shi kaɗai bai isa a ce makarantar ba ta da kyau ba. Yaro mai shekara uku bai san agogo ba, bai san cewa ƙarfe goma sha biyu na nan tafe ba. Abin da ya gani shi ne wadda yake fakewa a jikinta ta miƙa shi ga baƙin fuskoki ta tafi. Ƙiwa da ƙulafucin uwa sukan tsananta tun kafin yaro ya cika shekara, su yi sauƙi yayin da ya doshi shekara uku, amma sabon wuri yakan sake tayar da su. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya John Bowlby da abokiyar aikinsa Mary Ainsworth, wadda ta yi bincike a kan jarirai da iyayensu mata a ƙauyukan Uganda a 1954 da 1955, sun nuna cewa yaro ba ya sakin jiki ya yi wasa ko ya binciki abin da ke kewaye da shi sai in akwai wani babba da ya amince da shi a kusa. Ke nan aikin makonnin farko na nazare guda ɗaya ne, wato yarinya ta sami mutum ɗaya a cikin makarantar da za ta yarda ta rarrashe ta. Duk wani karatu yana zuwa ne a bayan wannan.

Saboda haka, ki je wurin Antin da ke ajin a lokacin tashi, sa'ad da ba ta cikin hada-hadar safiya, ki tambaye ta tsawon lokacin da yarinyar take ɗauka tana kuka bayan tafiyarki, ko tana cin abincin da kika zuba mata, ko tana taɓa kayan wasa, da kuma wurin wa take zuwa idan ta faɗi ko wani yaro ya ƙwace mata abu. Yarinyar da ta yi kuka na minti goma sannan ta hau cinyar Anti ta yi shiru, ta kama hanyar sabawa, ko da gobe ma za ta sake yin kukan. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai zama a lungu tun safe har tashi, ba ta kuka ba ta wasa ba ta ci, domin irin wannan ce malamai suke yabo da cewa ba ta da rigima, alhali kuwa ta haƙura ne kawai.

Maganar Sista tana da gaskiya ta wani ɓangare. Doguwar sallama, inda uwa za ta tafi ta dawo, ta leƙa ta taga, idonta ya cika da ƙwalla, tana koya wa yaro cewa wurin nan abin tsoro ne tun da ita kanta uwar ta kasa barinsa. Sai dai sulalewa a ɓoye ta fi wannan illa, domin yarinyar da ta waiwaya ta ga babu ke za ta ɗauki darasin cewa duk sanda ta ɗauke ido daga kanki za ki ɓace, kuma wannan ne yake sa ta ƙanƙame ki tun daga nesa, har ma a gida ta riƙa bin ki ɗaki-ɗaki. Daga gobe ki tsuguna daidai tsayinta, ki rataya mata jakarta, ki ce mata, “Zan tafi aiki, ke kuma za ki zauna wurin Anti. Idan kun ci abinci kun yi waƙar tashi, zan zo in ɗauke ki.” Sannan ki miƙa ta hannu da hannu ga Antin nan guda ɗaya, ki juya ki tafi ko da tana kuka. Kalmomin nan dai za ki riƙa maimaitawa kullum, kuma ki tabbata kina cikin iyayen farko da za ta gani a lokacin tashi, domin babu abin da yake rushe sabo kamar yaro ya ga an kwashe kowa saura shi da maigadi. In makarantar ta yarda, ki sa mata wani ƙaramin ɗankwalinki a cikin jaka.

A Jamus, wuraren renon yara da yawa suna bin wani tsari da aka ƙirƙiro a birnin Balin a shekarun 1980, inda uwa ko uba ke zama da yaro a cikin aji na awa ɗaya ko biyu har kwana uku, a rana ta huɗu a gwada rabuwa ta ɗan gajeren lokaci, sannan a riƙa tsawaitawa gwargwadon yadda yaron ya karɓa, kuma ba a cewa ya saba sai ranar da malamarsa ta iya rarrashinsa ya yi shiru. Makarantunmu ba su cika samun sukunin yin haka ba, amma kina iya roƙon Sista ta bar ki ki riƙa ɗaukar yarinyar a lokacin tara na mako ɗaya ko biyu kafin a mayar da ita cikakken lokaci. Shugabar da ta san aikinta ba za ta ga wannan a matsayin raini ba. Akwai kuma wani abu da makarantun Katolika suke da shi wanda yake taimakawa a nan, shi ne tsayuwa a kan tsari guda: addu'ar safe, waƙa, aiki, wanke hannu, abinci, wasa, waƙar tashi, kullum a jere iri ɗaya. Yaron da ya san abin da zai biyo bayan wani abu yakan sami natsuwa da wuri, don haka ki nemi a faɗa miki jerin, ki riƙa bitarsa da ita a hanya.

Game da maganar Hajiya surukarki, ki tuna mata cikin ladabi cewa ko yaye da ake kai yaro gidan kaka, ana zaɓar gidan kaka ne domin fuska ce da ya riga ya sani, kuma duk da haka yakan yi kwanaki yana kuka kafin ya dangana. Fitsarin kwancen ma abu ne da yakan dawo idan rayuwar yaro ta sauya, ya kuma wuce idan hankalinsa ya kwanta, don haka kada a yi mata faɗa ko dariya a kansa. In kuwa yana tare da zazzaɓi ko zafin fitsari ko yawan ƙishirwa, asibiti za ki kai ta. A kuma hana mutanen gida tsoratar da ita da cewa za a haɗa ta da Sista ta zane ta.

Akwai lokacin da zan ce ki saurari surukar taki. Idan an shafe kamar mako shida babu wani sauƙi, ko yarinyar tana firgita da sunan wani mutum takamaimai, ko kin ga shatin bulala a jikinta, to batun ya wuce ƙiwa. Ki shiga ajin da kanki ki ƙirga yaran. Kundin Manufofin Ilimi na Ƙasa, bugun 2013, ya tanadi malama ɗaya ga yara 25 a nazare, kuma ni a ganina ko wannan ma ya yi yawa ga 'yan shekara uku in babu mai taimaka mata. Ajin da ya tara yara arba'in a hannun mace ɗaya ba shi da cinyar da za a ɗora 'yarki a kai.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Ni Musulmi ne, na sa ɗana mai shekara huɗu a makarantar Katolika saboda kusanci da kuma tarbiyyar da na gani a wurin 'ya'yan maƙwabta. Shekaranjiya za mu ci abinci sai na ga ya taɓa goshinsa da ƙirjinsa da kafaɗunsa yana wata waƙa. Hankalin mahaifiyarsa ya tashi, 'yan'uwanta kuma sun ce na kai yaro a sauya masa addini. Ina neman shawara.
Daga wani uba, Kano

AMSA: Malam, barka kadai. Abin da ka gani alamar gicciye ce, wadda mabiya Katolika suke buɗe addu'a da rufe ta da ita, kuma ɗanka ya kwaikwayo ta ne kamar yadda yake kwaikwayon tafiyar Anti da muryarta. Kada a dake shi ko a yi masa tsawa, domin bai san ya yi wani abu ba, kuma tsawar za ta koya masa ɓoye muku abin da ake yi a makaranta. Ya isa ka ce masa cikin sanyin murya, “Wannan addu'ar su Sista ce, mu a gidanmu Bismillah muke cewa,” ka kama hannunsa na dama ku fara cin abinci.

Ba zan ɓoye maka ba, makarantar Katolika ba ta ajiye addininta a bakin ƙofa. A nazarenta za ka tarar da gicciye a bango, sau da yawa da mutum-mutumin Maryamu a harabar makaranta, ana addu'a da safe da kafin cin abinci da lokacin tashi, a wasu wuraren ana tsayawa addu'ar tsakar rana, Fada, wato limamin coci, yakan zo ya jagoranci Misa, babbar ibadarsu, a farkon zango ko ƙarshensa, a watan Mayu da Oktoba ana yawaita addu'ar carbi, sannan a watan Disamba yara kan yi wasan kwaikwayon haihuwar Yesu. Wannan shi ne asalin dalilin kafa makarantar, kuma babu adalci mutum ya kai ɗansa sannan ya nemi a daina. Haka nan kuma ba kai ne Musulmi na farko da ya bi wannan hanya ba. Limaman mishan na Katolika sun sauka a Shendam tun 1907, Sistocin St. Louis sun iso Kano daga ƙasar Ailan a 1948, kuma tun daga wancan zamani iyalai Musulmi da yawa sun ratsa makarantunsu sun fito da addininsu.

Doka tana tare da kai a kan abu ɗaya muhimmi. Sashe na 38, ƙaramin sashe na 2, na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce ba za a tilasta wa wanda ke halartar wata makaranta ya karɓi darasin addini ko ya shiga wata ibada ba idan ta shafi addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ko mai riƙonsa ba su amince da shi ba. Ƙaramin sashe na 3 kuma ya kare haƙƙin kowace ƙungiyar addini na koyar da addininta ga 'ya'yan mabiyanta a makarantar da ita kaɗai take ɗaukar nauyinta. Ita ma Cocin, a takardun da babban taronta na Batikan ya fitar ranar 28 ga Oktoba 1965, ta bayyana cewa iyaye su ne masu haƙƙin farko a kan tarbiyyar 'ya'yansu, ta kuma ce tana kallon Musulmi da girmamawa. Dokokinta na 1983 sun hana tilasta wa kowa shiga Katolika, kuma a yanayi na yau da kullum ba a yi wa ƙaramin yaro baftisma sai da yardar iyayensa. Na kawo maka waɗannan ne domin ka shiga ofis da natsuwar wanda ya san matsayinsa; ban kawo su domin ka je da faɗa ba.

Ka nemi ganin shugabar makarantar, kai da mahaifiyar yaron, ka fara da duba takardar da ka sa wa hannu ranar da aka ɗauke shi, domin wasu makarantun sukan rubuta sharuɗɗansu a kan ibada a cikinta kuma iyaye da yawa ba sa karantawa. Ka tambaye ta abin da yaran da ba Katolika ba suke yi a lokacin addu'a da lokacin Misa, wa yake kula da su, ko akwai malamin addinin Musulunci idan sun shiga firamare, ƙarfe nawa ake tashi ranar Juma'a, da irin abincin da ake rabawa a ranakun biki. Ka faɗi abin da ba ka yarda da shi ba a fili, misali yin alamar gicciye ko ba shi rawa a wasan Kirsimeti, ka kuma roƙa a sanar da Antin ajinsa, domin ita ce take tare da shi, kuma sau da yawa maganar da aka yi a ofis ba ta isa aji.

Akwai abin da ya kamata ku yi tunani a kansa ku biyu. Fitar da ɗan shekara huɗu waje shi kaɗai duk sanda za a yi addu'a yana iya zame masa kamar horo, ya riƙa tambayar kansa laifin me ya yi. Inda yara Musulmi suke da yawa akan haɗa su wuri ɗaya da wata malama, inda kuwa ba su da yawa wasu iyayen sukan zaɓi yaro ya tsaya shiru a cikin sahu hannuwansa a sake. Wanne ne ya halatta a gare ka, wannan tambaya ce ta malaman addini, kuma su ya kamata ka kai wa ita. Abin da na sani a fannina shi ne yaro a wannan shekaru yana ɗaukar addini ne daga abin da yake gani ana yi kullum, don haka addu'ar tashi daga barci, tsayuwa kusa da kai a kan darduma da Islamiyyar yamma su ne za su yi maka aiki. Idan bayan duk wannan zuciyarku ba ta kwanta ba, ku sauya masa makaranta, amma ku bari sai ƙarshen zango, ku kuma ba shi dama ya yi sallama da Antinsa da abokansa.

TAMBAYA: Malama, jikana yana da ciwon sikila, shekararsa uku, kuma har yanzu bai gama sabawa da fo ba. Uwarsa tana jin kunyar faɗa wa makaranta kada a ƙi karɓarsa.
Daga wata kaka, Zariya

AMSA: Hajiya, a faɗa musu tun ranar farko, kuma a rubuce. Yaro mai sikila yana buƙatar shan ruwa akai-akai, wanda hakan yake sa shi yawan fitsari, kuma sanyi da gajiya da ƙishirwa suna iya tayar masa da ciwon. Malamar da ba ta sani ba za ta iya hana shi fita bayi ko ta bar shi a filin taro da sanyin hunturu ba rigar sanyi. A rubuta mata cewa zazzaɓi, ko kumburin hannu da ƙafa, ko ciwon ƙirji ko ciki, ko ɗashewar jiki, abu ne na kiran iyaye nan take domin a tafi asibiti, a kuma ba ta lambar waya biyu. Batun fo kuwa, yara da yawa suna shiga nazare ba su gama ba; a sa masa wando biyu da leda a jaka, a kuma gaya wa Anti kalmar da yake faɗa a gida idan ya matsu.

TAMBAYA: Salama a gare ki, Anti. Ɗana yana ajin nazare na ɗaya a makarantar cocinmu. Sista ta ce tsarin Montessori suke bi, ba a ba su jinga, kullum sai zuba wake daga kofi zuwa kofi da saka maɓalli. Ɗan maƙwabciyata sa'ansa yana rubuta 1 zuwa 100. Anya ba kuɗin wasa nake biya ba?
Daga wata uwa, Jos

AMSA: Salama, 'yar'uwa. Zuba waken nan da saka maɓallin su ne share fagen rubutu. Yatsun ɗan shekara uku ba su yi ƙwarin riƙe fensir na tsawon lokaci ba, kuma duk sanda ya tsinci ƙwayar wake da babban yatsa da manuni, ko ya tura maɓalli cikin kafarsa, yana horar da yatsun da zai riƙe fensir da su, yana kuma koyon tsayar da hankali a kan aiki ɗaya har ya gama. Maria Montessori, likita 'yar Italiya kuma mabiyar Katolika, ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a watan Janairun 1907, kuma a tsarinta yaro yakan fara shafa siffar harafi da yatsa a kan takarda mai kaushi yana furta sautinsa tun kafin a ba shi abin rubutu. Kundin manufofin ilimin Najeriya ma ya ce wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki. Sai dai ki sani cewa sunan Montessori abu ne da kowa yake iya rubutawa a allon makarantarsa, don haka ki leƙa ki ga ko kayan aikin suna kan kantar da hannun yaro zai kai, ko kuwa suna kulle a kabad sai baƙi sun zo.

Game da ɗan maƙwabciyarki, ba na raina ƙoƙarinsa, amma rera lambobi daban, sanin adadi daban. Ki zuba wa ɗanki gyaɗa a faranti ki ce ya ba ki uku. Idan ya ɗauko ɗaya bayan ɗaya ya tsaya a ta uku, ya fahimci abin da yara da yawa masu haddace ɗari ba su fahimta ba, waɗanda za su dumbuzo su miƙo miki. Abin da nake so ki duba a ƙarshen shekara shi ne ko yana iya ba ki labarin abin da ya faru a makaranta cikin jimloli, ko yana jiran layi, ko yana sa takalminsa da kansa, ko yana sauraron gajeren labari har ƙarshe, ko yana tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce yaro mai shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini da barcin awa 10 zuwa 13, kallon waya ko talabijin kuwa kada ya wuce awa ɗaya. Idan aka cire waɗannan, babu wurin shafi biyu na jinga, wadda galibi uwa ce take kama hannun yaro ta rubuta da daddare yana gyangyaɗi.

Jingar da zan ba ki ita ce hira. Ki yi masa tatsuniya, ki bar shi ya taya ki tsince shinkafa da jera cokula, ki amsa tambayoyinsa da harshen da kika fi iyawa, Hausa ne ko Birom ko Angas. Yaron da ya ƙoshi da harshen gida ya fi saurin kama Turanci a kan wanda aka hana shi nasa aka ba shi guntun na wasu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mun zo Ingila da maigidana, ɗanmu ya cika shekara uku kuma Hausa kaɗai yake ji. Makarantar firamaren Katolika ta unguwarmu tana da nazare, sun ba shi gurbi, amma sun ce malamai za su zo gidanmu, kuma awa ɗaya kawai zai yi a kwanakin farko. Bincike ne za su zo yi? Kuma shin ya sami makarantar ke nan har firamare?
Daga wata uwa, Birmingham

AMSA: Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki, ziyarar gida al'ada ce ta nazare da yawa a Ingila, kuma manufarta yaro ya fara ganin malamarsa a inda yake jin shi ne mai gida. Za su tambaye ki abin da yake so, abin da yake tsoro, abincin da ba ya ci da yadda ake rarrashinsa. Tsarin karatun ƙananan yara na Ingila, wanda ya fara aiki a 2008 kuma ya hau kan makarantun addini kamar yadda ya hau kan sauran, ya wajabta a ware wa kowane yaro ma'aikaci guda da zai zama nasa na musamman, don haka ki nemi sunan wannan mutumin ki koya wa ɗanki. Farawa da awa ɗaya ma daga cikin tsarin sabawa ne. Kowane yaro mai shekara uku ko huɗu yana da awa 15 kyauta a mako har mako 38 a shekara, daga zangon da ya biyo bayan cikarsa uku, kuma a ajin nazare na makarantar gwamnati mai ƙwararren malami doka ta ce babba ɗaya ga yara 13. Ana fitar da su wasa waje kullum ko da sanyi, don haka ki tanadi rigar ruwa da takalmin roba.

Kada ki firgita idan ya yi makonni, ko ma watanni, ba ya magana a aji. Yara masu shiga sabon harshe sukan yi shiru suna saurare kafin bakinsu ya buɗe. Ki rubuta wa malamarsa kalmomi kamar ruwa, fitsari, ciwo da Mama, tare da yadda ake furta su, ku kuma ci gaba da Hausa a gida, domin tsarin nasu da kansa ya yarda makarantu su ba yaro damar amfani da harshen gidansu a wasa da koyo. Dubban yara Musulmi suna karatu a makarantun Katolika na Ingila, kuma doka ta ba iyaye damar janye ɗansu daga ibadar haɗin gwiwa da darasin addini idan sun nema.

Tambayarki ta biyu ita ce inda iyaye da yawa suke yin tuntuɓe. Gurbin nazare ba ya ba yaro gurbin ajin farko na makarantar, wanda ake shiga a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara huɗu. Dole ki sake nema ta hannun ƙaramar hukumarku, ranar ƙarshe ita ce 15 ga Janairu, ana kuma fitar da sakamako a tsakiyar Afrilu. Makarantun Katolika sukan buƙaci a cike wata ƙarin takarda tasu, kuma idan masu nema sun fi guraben yawa, 'ya'yan Katolika masu takardar baftisma ake fara ɗauka. Saboda haka ki karanta sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai na makarantar tun yanzu, ki tambayi ofis ko an ɗauki waɗanda ba Katolika ba a bara, sannan ki cike duk guraben zaɓi da ke kan takardar neman, ki sa har da makarantar gwamnati mafi kusa da gidanku.